Littafin Allura: lissafin sukar da na yi tun da Oga ya fara sakar min EUS

Talata, 14 ga Janairu 2025

Yau na tsaya Oshodi na sayi littafi mai bangon kwali, irin wanda 'yan tireda ke rubuta bashi a ciki, na zo gida na ja masa layuka da rula. Oga ne ya ce in dai da gaske nake ina son aikin nan to duk sukar da na yi in rubuta ta, wadda ta yi kyau da wadda ta ba ni kunya, kar in tsallake ko ɗaya. Layukan su ne kwanan wata, inda ƙarin yake, girmansa, wace allura, suka nawa aka yi, hannun wa, me lab suka ce, sai layin ƙarshe wanda ya ce shi ne mai gaskiya: me ciwon ya zama daga baya.

Da daddare Yaya ta kira daga Zariya wai ni me nake koya ne har yanzu da ba ya ƙarewa. Na ce mata Yaya kin san kyamarar da ake zura wa mutum ta baki a leƙa cikinsa ko, to wannan a bakinta akwai ɗan kan sikanin, in ta shiga tumbi sai ka jingina ta da bango ka hango abin da ke bayan bangon, pankiriyas, hanta, kaluluwa, jijiyoyin jini, in ka ga ƙari sai ka turo siririyar allura ta cikin na'urar ta huda bangon ta ɗebo maka ɗan nama a kai lab, ba yanka ba ɗinki. Ta ce to ai da sauƙi kenan. Na yi dariya kawai.

Wannan leƙe da sikanin ta ciki shi ake kira EUS. Aikin ma na girme shi. A 1992 ne Peter Vilmann ya fara ba da rahoton ɗebo samfur daga pankiriyas ta wannan hanya a Kwapanhagan, lokacin ni ina tatata.

Talata, 4 ga Fabrairu

Sati uku kenan ina riƙe na'ura, allura kuwa ko taɓa ta ban yi ba. Wallahi ranar farko abin da nake gani a allo kamar talabijin ɗin da iska ta juya wa eriya ne, toka-toka kawai, Oga yana cewa ga pankiriyas nan, ni ina gyaɗa kai alhali ban ga komai ba. Yanzu dai na fara gane hanya, in na samo babbar jijiyar aota daga saman tumbi sai in bi ta har inda reshen siliyak ya fita, in ɗan tura gaba, jijiyar saifa ta bayyana, jikin pankiriyas yana kwance kusa da ita. Ya ce sai na iya wannan ba tare da ya taɓa min hannu ba sannan za a yi maganar allura, wai wanda bai san gari ba ba a aikensa da kuɗi.

Na duba abin da ƙungiyar masu endoskofi ta Amurka, ASGE, ta taɓa tsarawa: EUS 150 a gaban malami, 50 daga ciki da allura, kafin ma a fara duba ko ka iya. Mu nan Talata da Alhamis muke yi, wani satin mutum uku wani satin ɗaya, kuma ba kowa ake sokawa ba. Na buga lissafin a cikin BRT ina komawa, gabana ya faɗi. Ga allurar nan sau ɗaya ake amfani da ita a yar, daga waje take zuwa, dala ta motsa ta motsa, kuma aljihun majinyaci ne. Wato ni koyo nake da kuɗin da wani ya sayar da akuyarsa ko ya ciyo bashi.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Sukar farko, alhamdu lillahi.

Wani saurayi ne mai albasa a Mile 12, ya rame, zazzaɓin dare, tarin ba ya fitar da majina balle a gwada, hoton CT ya nuna kaluluwa babba a ƙirji ƙasan inda bututun iska ya rabu biyu. Oga ya ce wannan taka ce, don ta maƙogwaro ake samunta, na'ura a miƙe take ba lanƙwasa, abin yana gabanka kamar mangwaro a reshen ƙasa. Na kunna Dofila, mai nuna gudun jini a allo, na tabbatar ba jijiya a hanya, na tura allura mai lamba 22, na gan ta fara tas a allo tana shiga. Hannuna yana rawa amma ta shiga. Lambobin nan a juye suke fa, 19 ce mai kauri, 25 ce siririya.

Inda na so in yi ɓarna bayan na fito ne. Saura kaɗan in juye komai cikin fomalin, ruwan da ake adana nama a ciki, Sista ta riƙe min hannu ta ce Dokta, GeneXpert fa? Fomalin yana ɓata samfurin gwajin tibi, dole a ware wani a ruwan gishiri. A Legas kuwa kaluluwa irin wannan tibi ne farkon zargi kafin ka je ga limfoma, wato dajin kaluluwa. Shekararta goma sha a ɗakin nan, ba ta taɓa soka allura ba amma yau ita ta ceci aikin. Sakamako ya fito tibi ne, an ɗora shi kan magani na wata shida. Da na gaya masa da Hausa ba daji ba ne sai da ya yi sujada a kan tayil.

Talata, 11 ga Maris

Azumi na goma sha ɗaya, kuma ranar da ba na son rubutawa.

Sati biyu da suka wuce aka kawo wani Baba daga Agege, dillalin shanu ne, idonsa rawaya shar da shawara, jikinsa duk sawun susa, fitsari kamar shayi. Ƙari ne a kan pankiriyas, babba, ya matse bututun madaciya. Da na gan shi a allo har daɗi na ji, na ce wannan ko makaho zai same shi. Oga yana tsaye a bayana amma aka kira shi ɗakin gefe na ɗan lokaci, ya ce ci gaba. Na saita tsakiyar ƙarin cif, don a kaina nan ne ba kuskure, na soka sau uku, kowane lokaci ina kai da komo a layi ɗaya, na sa sirinji ya zuƙa sosai. Abin da ya fito ya cika ido, ja jawur, na ce madalla.

Jiya takarda ta dawo: jini da mataccen nama, samfur bai isa a ce komai ba.

Abin da ban kiyaye ba, kuma na karanta shi fa, ba wai ban sani ba, shi ne ƙari in ya girma sau da yawa tsakiyarsa ce ke fara mutuwa don jini ba ya isa can, ƙwayoyin da ke da rai da za su nuna ko daji ne suna gefe-gefe. Kuma in ka yi ta bin rami ɗaya, sukar farko ta riga ta cika shi da jini, na biyu da na uku jinin kake kwasowa. Zuƙar sirinji mai ƙarfi ta ƙara min jinin. Sani a littafi daban, tuna shi lokacin da allura ke hannunka kana jin ƙarar monita daban.

Ni aka bari da ɗansa tunda ni ne mai Hausa. Ya ce likita, to yanzu babu ciwon kenan? Na ce a'a Alhaji, ba haka takardar ta ce ba, cewa ta yi abin da muka ɗebo bai isa ba, sai an sake. Ya yi shiru, ya ce da wata allurar? Na ce da wata. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Oga ya sa aka yafe musu kuɗin aiki, na allura ne dai ba yadda aka iya.

Yau ya sake da kansa ina kallo. Bai je tsakiya ba sam, gefen da ya fi kama da nama mai rai ya nufa, kuma duk turawa sai ya ɗan canza kusurwa da babban yatsa, sama, tsakiya, ƙasa, kamar mai buɗe mafici, ta yadda suka ɗaya ta ratsa wurare huɗu ko biyar. Maimakon sirinji, tsinken cikin allurar Sista ta riƙa zarewa a hankali. Suka biyu ya tsaya. Bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi laifinsa ne da ya fita, sannan ya ce rubuta.

Na sha ruwa a gosulon Ikorodu Road da dabino biyu da piya wata. A wayata na sake karanta wani rahoto na 2004, Mertz da Gautam, inda aka bi sawun likita ɗaya daga sukarsa ta farko a kansar pankiriyas: a goman farko rabi kawai ya kama, sai bayan ya haura talatin abin ya daidaita sama da 80 cikin 100. Ya ɗan sanyaya min rai, amma ai kowane ɗaya cikin rabin da aka rasa yana da ɗa mai tambayar da wata allurar.

Talata, 15 ga Afrilu

Ba labari. Tun bayan ƙaramar Sallah ba mu yi ko ɗaya ba, allurai sun ƙare, masu kawowa kullum sai su ce kaya suna hanya. Yau da aka samu aka yi na duba kawai ba suka, sai na ji hannuna ya yi sanyi, na ɓata wajen minti biyar ina neman abin da a Maris nake samu nan take. Ashe abin yana zubewa in an bar shi.

Sakamakon Baba na biyu ya tabbatar daji ne, kuma ya riga ya naɗe jijiya, tiyata ba za ta yiwu ba. An sa masa bututu shawarar ta sauka, susa ta tsaya, yana cin abinci. Sun ce za su koma gida Arewa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na sauka lab da kaina da littafina a hammata, na ce wa Madam mai duba gilasan samfur a madubi ina son in ga nawa da idona. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce a shekarun nan ba wanda ya taɓa saukowa daga sama sai dai a bugo waya ana masifa. Ta zaunar da ni a madubi mai kai biyu.

Kai, na ga abin kunya. Gilashi ɗaya na shafa shi da kauri kamar ana shafa wa burodi bota, ƙwayoyin sun hau kan juna haske ba ya ratsawa. Wani na danne shi da ƙarfi har ƙwayoyin sun murƙushe. Wani kuma an bar shi ya sha iskar esi kafin a tsoma shi a alkohol, alhali wanda za a yi wa rinin Pap da ɗanyensa ake jefa shi nan take, wanda za a yi wa Diff-Quik ne ake bari ya bushe. Ta ce biyu daga cikin waɗanda ta rubuta min bai isa ba, allura ta je inda ya kamata, a kan tebur aka kashe su. Wato ni ina can ina tuhumar hannuna a wurin suka, ashe wani ɓarnar bayan an fito ne.

Na tambaye ta ko za ta riƙa hawowa ranar aiki ta duba nan take ta ce mana ya isa ko a ƙara, yadda ake yi a manyan cibiyoyi. Ta yi dariya ta nuna min tulin tire a bayanta, ita kaɗai ce. Amma ta koya min abin da zan iya da idona: in matso abin da ke cikin allura a kan gilashi, in nemi farin zare-zaren nama a cikin jinin, in auna da rula, in ya kai milimita 4 akwai kyakkyawan zato, in kuwa ja ne zalla mai santsi to gudan jini ne komai tsawonsa. Ta kuma ce in muna da hali mu fi ba da ƙarfi ga allurai masu yanko tsoka, irin masu baki uku da ake kira Franseen, don da su take samun nama a tsaye da za ta yi masa rini na musamman. Limfoma ko ƙarin bangon tumbi irin GIST, wanda sai an yi masa rinin CD117, ƙwayoyi a warwatse ba sa isarta.

Na ƙara layi a littafi: wa ya shafa gilashi. Rular da na ja layuka da ita ta koma ɗakin aiki.

Talata, 24 ga Yuni

Ruwa tun asuba, Legas ta zama tafki, na iso da takalmi a leda.

Abin yau ba ni na soka ba amma dole in rubuta. Wata Hajiya ce daga Idi-Araba, ta daɗe da ciwon pankiriyas mai naci, duk ya yi tabo da tsakuwa, yanzu kuma ta fara ramewa, suganta ya rikice. Oga ya soka da kansa sati biyu da suka wuce, samfur ya isa, lab suka ce ba a ga daji ba. Ni har na fara murna zan je in yi mata albishir, ya ce dakata, ni ban yarda da takardar nan ba. Na ce ranka ya daɗe ai hannunka ne. Ya ce shi ya sa.

Bayaninsa shi ne gwajin nan in ya ce daji ne to kusan kullum daji ne, da wuya ya yi wa mutum ƙazafi, amma in ya ce babu, wannan babun ba ta da nauyi haka, ko a hannun gwanaye ana rasa wajen ɗaya cikin goma ko fiye. A pankiriyas mai tabo kuwa abin ya fi muni, don tabon da dajin kusan kama ɗaya suke a allo, kuma kansar pankiriyas ita kanta tana tara tauri a kewayenta, sai ka ɗebo taurin ka bar ƙwayoyin. Ramewarta, hoton CT, da yadda bututun ya yanke farat ɗaya, duk sun saɓa wa takardar. Za a sake, an kuma aika wa likitocin tiyata su gan ta ko me sakamakon ya ce.

Gaya mata ya fi sukar wuya. Ta ce ɗana, ba kun ce ba a gani ba? Na ce Hajiya ba a gani ba, amma in kika zura hannu a buhu kika ɗebo tsaba mai kyau ba shi ne ya nuna ƙasan buhun ba ƙwari ba. Ta ce wannan kam haka ne, ta sayar da hatsi shekara ashirin.

Da ni kaɗai ne wallahi da na sallame ta da murmushi.

Alhamis, 17 ga Yuli

Jiya da daddare nepa suka ɗauke, na kunna fitilar waya na ƙirga littafin. Suka ta hannuna ta kai mutum 19. A tara na farko huɗu sun dawo bai isa ba, a goma na baya ɗaya ne kawai. Yawan sukar da nake yi wa mutum ɗaya ma ya ragu, da sai in yi huɗu don tsoro, yanzu biyu ko uku in na ga farin zare in tsaya.

Sai shaiɗan ya sa na ƙirga na Oga a wata biyun nan, na ga shi ma ɗaya ya kuɓuce masa, na ce ashe mun yi kunnen doki. Da safe na nuna wa Sista ina washe baki. Ta karɓi littafin ta bi da yatsa ta ce duba girman naka ka duba nasa. Nawa duk manya ne, yawanci jikin pankiriyas ko wutsiya ko kaluluwa, waɗanda ake samu ta tumbi ko maƙogwaro na'ura a miƙe. Nasa ƙanana ne, wasu ba su kai santimita biyu ba, wasu a lungu, wasu jijiya ta gitta gabansu, har da waɗanda aka turo bayan an gwada a wani wuri ba a dace ba. Shi yake tace min masu sauƙi ya ɗauki ƙashin. Lissafina bai san da wannan ba, kuma duk wanda ya kwatanta likita biyu da alƙaluma tsirara haka zai iya cewa ɗan koyo ya fi malaminsa.

Don haka wani layin ya ƙaru: wahalar wuri, daga 1 zuwa 3, kuma Oga ne zai ba da maki kafin a soka, ba ni ba bayan na ga sakamako.

Akwai wani tsohon rahoto na Mayo Clinic na 2002 da ya nuna min, inda daidaiton likitoci masu fara aikin ya tashi daga 33 zuwa 91 cikin 100 bayan an tsaya a kansu an horar da su, kuma yawancin kuskuren farko na rashin isasshen samfur ne. Ya ce lura, ba yawan yi kaɗai ya ɗaga su ba, wani ne ya tsaya a bayansu yana gyara. Na ce to kar ka ƙara fita ɗakin gefe. Ya yi dariya har da tari.

Na Hajiya na biyu ya fito, daji ne, amma ƙarami, bai taɓa jijiya ba. Masu tiyata sun karɓe ta.

Talata, 5 ga Agusta

Yau ya ba ni mai maki 3 na farko. Ƙari ne a can ƙasan kan pankiriyas, ɗan lungun nan mai kama da ƙugiya, wanda sai ka wuce tumbi ka shiga diyodinam, wato farkon hanji, ka janyo na'ura ta gajarce, kanta a lanƙwashe, ga shi tana son zamewa ta dawo tumbi duk lokacin da mutum ya yi numfashi. Da mai lamba 22 na fara, ta ƙi fita da daɗi saboda lanƙwasar, da na matsa sai hoton ya gudu gaba ɗaya. Oga ya ce kar ka yi kokawa da ita. Ban so a buɗe wata allurar ba saboda kuɗi, sai na janye ta ciki, na sassauta kan na'urar, na fito da kubenta kaɗan tukuna sannan na sake lanƙwasawa na nemo wurin. Ya ce da ni ne da 25 zan fara a nan, ta fi laushi, rubuta wannan ma.

Akwai jijiya a gefen hagu, Dofila ta nuna ta ja da shuɗi, na kauce mata da ɗan juyin kafaɗa, ban ma san na yi ba sai da Sista ta faɗa daga baya wai na fara tsayuwar Oga. Sukar farko jini. Ta biyu na yi maficin, da ƙyar na samu kusurwa uku. Na matso a gilashi, na ɗora rula: farin zare, milimita 6, ko 5 in ban yi son kai ba. Na shafa biyu da hannuna, siriri, ɗaya cikin alkohol nan take, sauran cikin fomalin, na kai wa Madam da ƙafata.

Minti 50 aikin ya ci, shi da a 20 ya gama. Mutumin ya farka lafiya, cikinsa ba ciwo, mun riƙe shi awa biyu muna dubawa saboda kumburin pankiriyas da kan biyo baya jefi-jefi, ya sha ruwa, ƙaninsa ya tafi da shi Obalende. Gobe da safe zan kira in ji yadda ya kwana.

Mutum na 22. Layin lab da layin ƙarshe duk a buɗe, Madam ta ce Litinin.